Mun Shekara a Sheffield Ba Mu Ga Komai Ba, Ta Ina Za Mu Fara?

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Sheffield. Mun zo daga Zariya ni da maigidana da yara biyu, mace 'yar shekara 7 da namiji ɗan shekara 4. Mun haura shekara a nan, amma ban da wurin aiki da makarantar yara da kantin cefane ba inda muka sani. Sau ɗaya muka gwada fita. Wata Asabar muka je tasha muka yanki tikitin Landan, kuɗin ya kusa sa ni kuka, ruwa ya yi mana dukan tsiya, yara suka gaji suna ta rigima, Azahar da La'asar sai a gida muka rama. Tun ranar maigida ya ce an gama, ɓarnar kuɗi ce, gara a tura gida. Ita kuwa yarinyar duk Litinin sai ta dawo da labarin inda ƙawayenta suka je. Ina son mu ga ƙauyukan nan da tsaunukan da ake gani a hoto, amma ina tsoron kallon da za a yi mini da hijabi, ina tsoron karnuka, kuma ba mu da mota. Ki ba ni shawara.

Maman Ilham

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Allah ya raya yara, ya sa albarka a aikin.

Abu uku ne suka taru suka ɓata muku waccan fitar. Kun zaɓi wuri mai nisa da tsada, kun yanki tikiti a ranar tafiya, kuma kun ɗauki yara ƙanana kun sa su yawon da babba ma sai ya ji a jikinsa. In haka za a riƙa yi, maigida na da gaskiya, ɓarna ce. To amma ku duba inda Allah ya ajiye ku. Peak District, gandun shaƙatawa na ƙasa na farko da Birtaniya ta ware a 1951, yana bakin ƙofarku, har wani babban yanki nasa ya shigo cikin iyakar birnin Sheffield. Mutane daga Landan suke biyan kuɗin jirgi da na masauki su zo ganin abin da ku bas ɗaya zai kai ku. Don haka ki ajiye maganar Landan tukuna, ku fara da fitar rabin yini.

Ga ta farko. Ku hau jirgin ƙasa da ke bin kwarin Hope zuwa Manchesta, ku sauka a Grindleford. Kamar minti 15 ne daga Sheffield, kuma kafin ku isa jirgin zai ratsa ramin Totley a ƙarƙashin tudu, fiye da mil 3 cikin duhu, abin da yara ba sa gajiya da labarinsa. Da kun fito tasha kun ɗan taka, ga kwazazzabon Padley Gorge: rafi na gangarowa tsakanin manyan duwatsu masu gansakuka, tsofaffin itatuwa sun lulluɓe shi. Hanyar tana hawa a hankali har ta fitar da ku fili kusa da Longshaw, inda akwai shagon shayi da banɗaki, kuma shiga da ƙafa kyauta ne, masu mota ne ke biyan kuɗin ajiya. Daga can ba sai kun koma tashar jirgi ba, akwai tashar bas a Fox House da za ta mai da ku gari. Keken tura yaro ba zai bi wannan hanya ba saboda saiwoyi da duwatsu, ɗan autan zai taka da ƙafarsa, inda ya gaza babansa ya saɓa shi. Awa uku sun isa, har da zaman cin abinci da wasan ruwa.

Ta biyu, Bakewell. Kada ki nemi jirgi, garin ba shi da tashar da ke aiki. Bas mai lamba 218 za ku hau daga Sheffield. Tsohon layin dogon da ya ratsa wurin shi ne aka mai da hanyar ƙafa da keke mai suna Monsal Trail, mil 8 da rabi, shimfiɗaɗɗiya ba hawa ba gangara, da ramuka masu fitila da rana da wata doguwar gada a kan kwari. Ba dole ba ne a ƙure ta. Ku yi tafiyar minti 40 ku juyo. Ranar Litinin kasuwar garin ke ci. A wannan yankin ne kuma Chatsworth yake, katafaren gidan sarauta. Shiga gidan da lambunsa da tsada, amma yawo a makekiyar harabarsa, inda tumaki da barewa ke kiwo a bakin kogi, ba a karɓar ko sisi.

Sai Castleton, bas 272 ke zuwa har cikin ƙauyen. Akwai koguna da ake shiga da ɗan rakiya da kangon tsohuwar fadar Peveril a kan tudu. A samansa ne tsaunin Mam Tor yake, mita 517, wanda hotonsa ya cika intanet. Ku bar hawansa sai kun saba, don iskar da ke kan ƙololuwarsa tana iya ture yaro. In Ilham mai son labari ce, wata rana ku kai ta Eyam, ƙauyen da annoba ta faɗa wa a 1665, mutanensa suka yarda su killace kansu don kada ta yaɗu zuwa maƙwabta, kusan 260 suka rasu. Har yanzu sunayen mamatan suna rubuce a ƙofar gidajen da suka zauna. Musulmi ba zai tsaya a wurin ba tare da ya tuna hadisin da ya hana fita daga garin da annoba ta sauka ba.

Yanzu lissafin da za ki ajiye wa maigida, don magana da baki ba za ta sauya ra'ayinsa ba, alƙaluma ne za su yi. Tun Janairun 2025 yawancin bas a Ingila, ban da Landan, ba sa karɓar fiye da fam 3 a tafiya ɗaya komai nisanta. Ku biyu zuwa da dawowa fam 12 ke nan, na Ilham ko an caje ta kuɗin babba fam 6 ne, ɗan ƙasa da shekara 5 kuwa galibi kyauta yake hawa. In abinci daga gida ya fito, yinin gaba ɗaya bai kai fam 20 ba. Ki ce masa sau ɗaya a wata, kuma kuɗin ba zai taɓa abin da ake tura wa iyaye ba. Ki bar shi ya zaɓi ranar da wurin da kansa. Namiji in an ba shi taswira ya riƙe, da wuya ya ce a koma gida.

Don jirgin ƙasa, ku sayi katin rangwame na Family & Friends Railcard. Fam 35 ne a shekara, yana rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin manya da kashi 60 cikin 100 na yara 'yan shekara 5 zuwa 15, amma dole a ce akwai yaro mai tikiti a tafiyar. In ke da maigida ne kaɗai, bai yi aiki ba. Wanda sunansa ke kan katin shi ma dole yana cikin tafiyar, kuma in a waya yake, to wayar ta kasance da caji, don mai duba tikiti zai nemi gani. Wanda aka kama ba tikiti sahihi ana iya cinsa tarar fam 100 ban da kuɗin tafiyar.

Tikiti iri-iri ne, kuma a nan ne aka fi tafka asara. Wanda ake kira Advance shi ne mai araha, ana fara sayar da shi wajen mako 8 zuwa 12 kafin ranar, amma na jirgi ɗaya ne tak a lokaci ɗaya. Kun makara da minti biyu saboda ɗan auta ya ce zai yi fitsari, tikitin ya mutu, sai sabo. In kuwa jirginku na farko ne ya yi latti har kuka rasa na biyu, wannan ba laifinku ba ne, za a bar ku ku hau na gaba. Shi ya sa nake ganin a tafiya mai nisa kamar Landan ku sayi Advance tun da wuri, ku isa tasha da rabin awa a hannu. A gajeriyar tafiya da yara kuwa ku ɗauki Off-Peak na zuwa da dawowa a yini, wanda zai bar ku ku hau duk jirgin da kuka samu in an wuce cunkoson safe. In jirgi ya yi latti, kada ki yar da tikitin: akwai tsarin Delay Repay da ke mai da wani kaso na kuɗi, wasu kamfanoni daga lattin minti 15, wasu daga 30.

Abin da za ki fara dubawa kafin komai shi ne abin hawan dawowa. Ƙananan tashoshin kwarin Hope galibi jirgi ɗaya suke samu a awa, basan ƙauye kuma suna janyewa da wuri, ranar Lahadi ma sai ka ƙirga su da yatsu. Ki rubuta lokacin na ƙarshe da na kafin na ƙarshe a takarda, ku yi niyyar hawa na kafin na ƙarshen. Lahadi ce kuma ranar gyaran layin dogo, inda ake sauke fasinja a zuba su a bas, tafiyar awa ɗaya ta koma biyu, don haka ki leƙa shafin jadawalin jiragen ƙasa na National Rail daren jajibiri. Haka rana: a Disamba kafin ƙarfe 4 ta faɗi, a Yuni kuwa har bayan 9 da haske. Daga ƙarshen Oktoba, in an mai da agogo baya, duk yawon daji ya ƙare kafin ƙarfe 3.

Ruwan sama ba a jiran ya ɗauke a ƙasar nan, shiri ake yi masa. Ki duba hasashen Met Office na ƙauyen da za ku, ba na Sheffield ba, don duk hawan mita 150 zafi na raguwa da kusan digiri ɗaya, ga iska. Lema ba ta da amfani a kan tudu, iska za ta juya ta. Kowa ya samu rigar ruwa mai hula, a ciki a jera riguna marasa nauyi biyu ko uku yadda za a cire ɗaya in an yi gumi. Wandon jins da kayan auduga in suka jiƙe ba sa bushewa, sanyi suke riƙewa a jiki. Ke kuma doguwar abaya ko zurmemen hijabi za su ba ki wahala: gindin zai kwashi laka, kuma a tsakanin gonaki akwai matakalar katako ko ta dutse da ake takawa a ƙetare katanga, nan tufa mai jan ƙasa ke harɗe ƙafa. Ki sa wando mai kauri, riga mai sauka ƙasan gwiwa a kai, hijabi gajere da za ki cusa cikin rigar ruwa. Sutura ta cika, ƙafa ta sake. Takalmi mai gurza-gurza a ƙasa ga manya, takalmin roba dogo ga yara, da safa ta canji a jaka ga kowa. Kusan duka ana samunsu na hannu a shagunan sadaka da ke kowace unguwa.

Ki san kuma cewa bin gonar mutum a nan ba shiga hurumi ba ne in dai kan hanyar jama'a kake. Dokar ƙasa ce ta ba da wannan, kuma ba a banza aka same ta ba: a 1932 ɗaruruwan ma'aikata daga Manchesta da Sheffield suka kutsa tsaunin Kinder Scout da gangan, aka ɗaure wasunsu, kafin a kai ga buɗe wa talaka daji. Kibiya ruwan ɗorawa a jikin gungume tana nufin hanyar ƙafa, shuɗiya tana nufin har doki da keke na bi. Ku tsaya a kan hanyar, ƙyauren da kuka tarar a rufe ku rufe, wanda kuka tarar a buɗe ku bar shi haka, shara ku dawo da ita gida, wuta ko gashin nama kuwa kada ku kusanta, don ciyawar tuddan nan in ta kama sai ta yi kwanaki tana ci. Taswirar Google ba ta nuna waɗannan hanyoyi daidai, sabis ma yana ɗaukewa a kwari. Ki sauke taswirar wurin a manhajar OS Maps tun a gida, ko ki sayi ta takarda mai lamba OL1 ko OL24. In wani ya ji rauni a inda mota ba ta zuwa, 999 za a kira, a nemi 'yan sanda, a ce masu ceton kan tsauni ake buƙata.

Shanu sun fi karnuka haɗari, kuma namu mutanen sukan raina su saboda sabo. Waɗannan ba makiyayi a bayansu. Kada ku ratsa tsakanin saniya da ɗan maraƙinta, ku zagaye garken a natse, yara a hannu, ba gudu ba ihu. In suka tare hanya, ku koma. A watan Maris da Afrilu za ku ga 'yan tumaki sabbin haihuwa su kaɗai a kwance. Uwar na kusa, kada yara su ɗauka. Karnuka kuwa za ku gamu da su da yawa, wasu ba igiya. Ki koya wa yara tun a gida: in kare ya nufo ka, ka tsaya cak, ka naɗe hannu a ƙirji, kada ka zura masa ido; shinshinawa zai yi ya wuce. Ba laifi ki ce wa mai shi ya riƙe shi, yaran na tsoro, kusan kowa zai yi. In damuwar ta tsarki ce, a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, taɓa tufarki da ya yi bai ɓata ta ba. Bayan kun dawo ki duba bayan gwiwa da wuya da bayan kunnen yara ko kaska ta maƙale, don tana ɗauke da cutar Lyme. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin san sauran.

Maganar kallo, ba zan ce miki babu ba. Ƙauyukan nan kusan duk farare ne, za a dube ku. Amma al'adar masu yawon daji a Ingila ita ce duk wanda aka yi kiciɓis da shi a hanya a gaishe shi, ko da ba a yin haka a cikin gari. Ki riga su gaisuwa, za ki ga yawancin fuskoki sun sake. In wani ya furta maganar banza, kada a tsaya musu da shi, a kira 'yan sanda a 101, lambar abin da ba na gaggawa ba, in a jirgi ne a tura saƙo ga 'yan sandan jirgin ƙasa a 61016. In kuma kina so fitar farko ta kasance cikin jama'a, akwai ƙungiyar Muslim Hikers da Haroon Mota ya kafa a 2020, suna shirya tafiye-tafiye a Peak District, sai ki duba wadda ta dace da yara, don wasu dogaye ne.

Sallah ba sai an rama ba. Ku fita da alwala, ku ɗauki 'yar sallaya mai leda a ƙasa da gorar ruwa daban don tsarki, tunda banɗakin nan ba buta. Alƙibla daga Ingila kudu maso gabas take, wajen digiri 118 a kamfas. Ku ɗan kauce daga hanya zuwa gindin katanga, ɗaya ya yi sallah ɗaya na riƙe da yara. Da hunturu Azahar da La'asar da Magariba suna zuwa kusa da juna, sai a sa su cikin lissafin tafiya. Kada ki ɗauka duk fita ta kai ƙasaru: a Malikiyya sai mil 48, kuma wuraren nan da na ambata duk ba su kai rabin haka ba.

Abinci ki dafo. Dafa-duka a kula, dafaffen ƙwai, cincin, ayaba, filas na shayi. A ƙauye nama na halal da wuya, kuma kifi da dankalin da ake ganin ba matsala shi ma sai an tambaya: a arewacin Ingila shaguna da yawa da kitsen saniya suke suya, wasu kuma da giya suke kwaɓa fulawar kifin. Tambaya biyu ce, da wane mai ake soyawa, kuma akwai giya a kwaɓin? Sun saba jin ta. Kada kuma ki jefa wuƙar kicin a jaka don yanka lemo. Dokar ɗaukar wuƙa a bainar jama'a tana da tsanani. A yanka komai a gida.

In kun yi fita biyu ko uku kun ga hannu ya faɗa, sai York, ƙasa da awa ɗaya a jirgi mai sauri. Ganuwar birnin, wadda za ta tuna miki badalar Zazzau sai dai ita ta dutse ce kuma ana tafiya a kanta, kusan mil 2 ce kuma kyauta. Wasu wuraren ba abin kariya ta gefen ciki, hannun ɗan auta kada ya bar naki. Gidan tarihin jiragen ƙasa na bayan tasha shi ma kyauta ne, a nan Mallard yake, jirgin tururin da ya yi gudun mil 126 a awa a 1938. Shi za ku ajiye don lokacin da ruwa ya sauko. Babbar majami'ar Minster ana biya, hawa hasumiyarta mai matakala 275 kuma sai ɗan shekara 8, don haka kada a yi wa Ilham alkawari bana. Masallacin garin yana Bull Lane. Abu biyu a yini sun ishi yara. Na uku kuka ne.

Ranar da kika sauko daga aikin dare ba ranar fita ba ce, ki yi barcinki. Kuma kada hutunki na tsakiyar mako ya ja ki cire Ilham daga makaranta, don tun Agustan 2024 tarar fashi ba izini fam 80 ce ga kowane mahaifi a kan kowane yaro, ta koma 160 in ba a biya cikin kwana 21 ba. Ki nemi hutunki ya faɗo kan makon hutun tsakiyar zango, a Fabrairu da ƙarshen Mayu da ƙarshen Oktoba, tun kafin abokan aiki su riga ki. A Satumba kuma akwai Heritage Open Days, kwanakin da ake buɗe tsofaffin gine-gine da yawa kyauta, wasu sai an yi rajista tun da wuri. In maigida ya fara tunanin hayar mota da lasinsa na gida, ya sani wata 12 kacal yake aiki daga ranar da ya zama mazaunin ƙasar, kuma ku kun riga kun wuce wannan. Sai ya nemi lasin koyo ya ci jarrabawar tuƙi ta nan kafin ya zauna a bayan sitiyari shi kaɗai.